Daƙiƙa Saba'in da Ɗaya

Shekara tara tana kwance ƙarƙashin tamfol
a bayan gidanmu na Unguwar Sanusi.
Kaza ta yi kwanci a kujerar direba,
ƙadangaru na shan hantsi a kan bonet.
Datsun ce, ja, ƙofa biyu, dogon hanci.
Baba ya saye ta da gumin masaƙa
tun injinan Kakuri ba sa barci.

Tanimu na Panteka ya leƙa cikinta, ya ja tsaki:
"Gawa kika kawo mini ko majinyaciya?"
Na ce taɓa ka ji.
Wata huɗu yana hura kafireta da bakinsa,
yana tofar da fetur,
yana ƙera abin da kasuwa ta manta sunansa.
Ranar da ta yi tari, ta sarƙe, ta kama,
har mai shayi ya bar ruwansa yana tafasa.

Asabar, bayan ruwan asuba,
muka haye gada, kogi ya cika ya yi jajir.
Filin ajiye motoci na masaƙar da aka rufe,
ciyawa ta keto ta tsagin kwalta.
An jera mazugan roba, an ja layi da alli,
an kafa rumfa guda da bencin aro.

Samari da motocin jiya-jiya
suka kewaye ta suna ɗaukar hoto,
kamar an kawo kakarsu filin ƙwallo.
Wani ya ce, "Anti, tana da birki kuwa?"
Na ce tana da tarbiyya.

Kuyet ce mai agogo, 'yar makaranta,
biro a gashi, tuta a hammata.
Ta ce mota ɗaya-ɗaya ake shiga,
ba ki da abokin hamayya sai lokaci,
mazugin da kika ture, daƙiƙa biyu ne bashi.
Hular kwanon da aka ara mini
tana warin man gashin wani.

Zagayen farko na ɓata hanya.
Mazugai suka zame mini garken tumaki,
na bi ta hagun abin da ke son dama.
Na biyu, gindinta ya kwashe a kan jiƙaƙƙiyar kwalta,
duniya ta juya sau ɗaya da rabi,
na tsaya ina kallon inda na fito.
Tanimu ya ɗora hannu biyu a ka.
Ni kuwa dariya ta hana ni samun giya.

A na uku na daina yi mata gardama.
Sitiyarinta nauyi gare shi, kamar tuƙa tuwon suna,
sai an ba shi kafaɗa.
Na sassauta totur kafin kwana,
na bari hancin nan ya shinshino hanya,
na taka.
Salansa ta buɗe maƙogwaro,
bangon masaƙa ya maido mana muryar,
tantabaru suka tashi daga tagogin da ba gilashi.

Sittin da tara, in ji Kuyet,
da mazugi ɗaya. Saba'in da ɗaya.
Wanda ya ci, arba'in da takwas ya yi.
Allah ya sanya alheri.

Muna shayar da lagireto da jarka
sai tsohon maigadi ya taso, yana jan ƙafa.
Ya shafa ƙofar, ya daɗe.
"Motar Mato ce wannan.
Kullum sai jiniya ta busa yake shigowa a guje,
agogo bai taɓa ƙaunarsa ba."
Na ce ashe gado na ci.

Da magariba muka iso gida,
wani ƙugi na bin mu tun daga Tasha.
Tanimu ya durƙusa, ya zaro shi:
mazugin nan ne, ya maƙale, ya goge, ya yi baƙi.
Na jingine shi kusa da randa.
Kayan mutane ne.
Dole wata mai zuwa in mayar.